Karatun da Na Tsare da Kunne

Unguwar Rogo, Sakkwato.
Lahadi, bayan La'asar.

Zuwa ga ƙanena Malam Ja'afar,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar wa ga ƙanensa, da fatan takardar nan ta ishe ka lafiya, kai da maiɗakinka Ashatu da yara. Allah ya ƙara rufa asiri, ya sa albarka cikin koyarwar da ta kai ka Jalingo, ya tsare ku daga sharrin hanya da na mutane. Mu nan Alhamdu lillahi. Inno tana nan da sauƙi, gwiwar ce dai ba ta barin ta sallah a tsaye, amma bakin nan nata lafiya lau yake, ba wanda ya tsira. Atika ma lafiya, Gazali da Nabila suna makaranta. Zafi kuwa ba a magana, bana ko ruwan randa ka ɗiba sai ka ce an sauke shi daga murhu. Kasuwa tana nan jiya i yau, shanu sun yi tsada, masu sayen nama sun koma sayen ƙashi. Ni kuma na gaji, Ja'afar. Ba gajiyar fawa ba, wannan na saba da ita shekara talatin da wani abu, in na kwanta tana saki na. Wannan wata ce daban, kuma ita ta sa na ɗauki biro.

Ka san ni da biro ba mu da shiri tun da na bar aji shida na bi Baba kwata, aka bar ka kai ka ci gaba. To amma in na kira ka a waya, kafin in kai tsakiyar magana ka tare ni da dariyar nan taka, ni kuma in hasala in kashe. Takarda ba ta katse mutum. Malami direba zai kawo maka ita, ka karanta ta zaune.

Maganar ɗiyarka ce, babbar ta gidana. Sakamakon jarrabawar shiga jami'a ya fito yau kwana tara, karo na uku ke nan da ta zauna. Ta samu ɗari biyu da tara. Likita Ladan, mai duba mana nama a kwata, ya ce maki ne mai kyau, amma ga karatun likitan dabbobi da take so, bana da wuya ya kai ta. Kuma tun kafin ta shiga jarrabawar ta gaya wa uwarta cewa wannan ce ta ƙarshe, in ba ta samu ba ta haƙura, za ta je ta koyi ɗinki. Ba wasa take ba. Ranar da sakamakon ya fito ta tattara littattafanta kaf ta zuba a kwali, ta ɗaure da igiya, ta tura ƙarƙashin gadon Inno. Abin da ke gabana ke nan, ko za a kwance igiyar nan ko ba za a kwance ba. Abin da ke cina kuwa shi ne na gano ni na sa aka ɗaure ta.

Ka san yadda muka tashi. Ni ɗan fari ne, yau shekarata hamsin da biyu Inno ba ta taɓa buɗe baki ta ce Lawali ba, in tana nemana sai ta ce a kira mata wancan na zaure. Haka na gada, haka na yi wa tawa ɗiyar farin. Shekara ashirin ban kama sunanta ba, ban zauna tabarma ɗaya da ita ba, in ina da magana sai in faɗa wa Atika ko da yarinyar tana tsaye gabana. Ba ƙi ba ne, kai shaida ne. Ranar da Atika ta gaya mini wai likitan dabbobi take son zama, na saka takalmi na yi ta tafiya har Sama Road ba tare da ina da abin yi can ba, don kawai kada a ga fuskata. Mu da muke tsayawa hannu a baya muna jiran mai farar riga ya buga wa namanmu hatimi, a ce wata rana ɗiyar mahauci ce za ta riƙe hatimin! Na ce a raina duk abin da zan iya zan yi.

To me zan iya? Ba ni da Turancin da zan duba mata littafi, kuma kunya ba za ta bar ni in shiga in zauna kusa da ita ba. Abin da ya rage mini kunne ne. Ni a sanina, karatu abu ne da ake ji. A makarantar allo wanda muryarsa ta fi tashi shi ne mai ƙoƙari, wanda ya yi shiru barci yake ko wasa. Sai na kafa doka ta bakin Atika, cewa yarinya ta riƙa karatu da ƙarfi yadda zan ji daga zaure. Da safe uwarta ke tsare ta, in na dawo kasuwa da Azahar in karɓa. In shimfiɗa buzu, in kashe rediyo, in jingina da bango, muryarta tana fitowa daga ɗaki har Magariba. In ta yi shiru na ɗan lokaci sai in yi gyaran murya. In shirun ya yi tsawo in buga sanda a ƙyaure, ko in ɗaga murya in ce wa Atika ta gaya wa mutuniyarta ban ji ta ba. Har lissafi, Ja'afar, da baki na sa take yin sa. Muryarta ta dishe, na sayo zuma da citta da kanumfari ina alfahari. Maƙwabta suna wucewa suna sa albarka, suna cewa duk unguwar nan ba gidan da ake karatu irin gidan Lawali, ni kuwa ina kumbura ina cewa sai godiya. Inno da ba ta san ko harafi ɗaya na boko ba, sai da ta haddace. Tana tsintar shinkafa tana rera sunayen ɗakunan zuciya da Turanci, lef bentirikul, rait bentirikul, har da kaɗa kai.

Ka tuna Babbar Sallar da ka zo, bayan ta faɗi ta farko? Ka zauna zaure ka saurara, ka ce mini wannan ba karatu ba ne, wahala ce, a bar yarinya ta yi tunani. Na ce maka da wannan muryar muka sauke izu goma tun kana tafiya ba wando, kada ka kawo mini iyayin 'yan boko cikin gidana. A gaban mutane na faɗa maka haka, ka ɗauki ruwanka ka sha. Ka yafe mini. Ta farko ta samu ɗari da sittin da huɗu. Na ce ƙarar ce ba ta isa ba, na ƙara mata awa biyu. Ta biyu ta samu ɗari da sittin da bakwai.

Yadda idona ya buɗe, abin ba daga wani malami ya zo ba, daga kwaɗayin Inno ya zo. Saura wata biyu jarrabawar bana ta ce farfesun zuciya take marmari, na kawo mata zuciyar sa guda sukutum. Atika ta tafi suna, hannun Inno ba ya riƙe wuƙa, sai yarinyar ta fito tsakar gida da faranti za ta yanka. Ni ina bakin randa ina wanke hannu. Inno cikin tsokana ta ce mata to ga zuciya ta samu, ta nuna mata wannan bentirikul ɗin da aka hana ta barcin rana da shi shekara biyu. Yarinya ta ɗauki zuciyar ta juya, ta sake juyawa, ta leƙa nan ta leƙa can. Can ta ce ai a littafi ja da shuɗi ne, kuma akwai kibiyoyi. Inno ta yi dariya, ita kuwa ba ta yi ba. Na ga hawaye yana ɗiga cikin farantin.

Ban san lokacin da na tsuguna ba. Na karɓi wuƙar na tsaga zuciyar yadda muke tsaga ta, na buɗe, ina magana da naman don ba zan iya kallon ta ba. Na ce ga ɗakuna huɗu, biyu sama biyu ƙasa, ga 'yan fatun da ke rufe tsakaninsu, ga wannan gefen mai kauri wanda masu tsire ke so, ga ɗayan siriri. Na ce ni dai shekara talatin ina ganin gefe ɗaya ya fi kauri ban san don mi ba, ko masu karatu sun sani. Ta buɗe baki ta fara jero Turanci daga farkon shafi, tiryan-tiryan, ba tuntuɓe, ta kai ƙarshe, amma amsar tambayata ba ta fito ba. Tana cikin abin da ta karanta, ita ce ba ta gan ta ba. Wallahi Ja'afar, sai na ajiye wuƙar. A nan na tuna abin da na manta shekara arba'in. Malaminmu na allo ba ya barin ka wanke allo don ka yi ihu. Sai ya sa ka kifa allon, ka biya masa da ka, in ka kakare ya mayar da kai. Ni na riƙe ihun na manta da kifa allon.

Washegari na tare Likita Ladan bayan ya gama duba nama, na gaya masa komai, har da zumar. Bai yi dariya ba, gilashinsa ya cire ya goge. Ya ce abin da mutum ya yi ta maimaitawa littafi a buɗe, kunne ne ke sabawa da shi, sai ya ɗauka ya sani, ranar da aka juya masa tambaya ya rasa ta inda zai kama. Ya ce ta karanta kaɗan, ta rufe littafin, ta ɗauki farar takarda ta rubuta abin da ya zauna, sa'an nan ta buɗe ta ga inda ramin yake, nan ne wurin aikinta ba inda ta iya ba. Abin da ta koya yau kada ta sake shi, a tambaye ta bayan kwana uku, a sake bayan mako, lokacin da ya fara gudu. Ya ce zaman awa biyar wuri ɗaya ba ƙoƙari ba ne, bayan minti arba'in kai ya tafi, jiki kaɗai ke zaune, ta tashi ta yi shara ta dawo. Ya ba ni tsofaffin tambayoyin ɗansa ya ce ta riƙa yi da agogo a gabanta. Da zan tafi ya kira ni ya ce, ni kuma aikina ɗaya ne, in bar ta ta yi shiru.

Kai, ban taɓa yin aiki mai wuyar wannan ba. In dawo kasuwa in zauna zaure, gida tsit, sai kukan akuya. Maƙogwarona ya riƙa ƙaiƙayi da kansa, gyaran murya yana tahowa ina danne shi da goro. Sandar ma sai da na ba Atika ta ɓoye. Maƙwabta suka fara tambaya ko yarinyar ba ta da lafiya, wani ya ce mini ashe dai an haƙura da bokon, Allah ya sa haka ya fi alheri. Na ce amin, me zan ce? Ita ma makon farko ba ta ji daɗi ba. Ta rufe littafi ta ɗauki farar takarda, abin da ta yi shekara biyu tana rerawa bai cika rabin shafi ba. Ta yaga takardar, ta ce wa uwarta gara ihun, ko ba komai yana sa ta ji kamar ta iya. Atika ta ce mata jin kamar an iya ɗin ne ya kai mu inda muke. Ka san Atika ba ta da yawan magana, amma in ta yi ɗaya ta isa.

Daga nan abin ya fara kama hanya. Tana tashi bayan Asuba ta yi mai wuyar kafin rana ta yi zafi, da tsakar rana ta kwanta abinta, ni da kaina nake hana yara hayaniya. Ta yayyanka takarda ta rubuta tambayoyi ta zuba a gwangwanin madara, in an gama cin tuwo Atika ta sa hannu ta zaro, wadda ta amsa a ajiye ta gefe sai wani makon, wadda ta kasa ta koma cikin gwangwani. Ni kuma Laraba da Asabar nake kawo nawa. Na kawo huhu, muka zura masa bututu na hura, ya kumbura ya saki, Inno ta yi salati. Na kawo idon sa, na kawo hanta, na kawo gwiwa da jijiyoyinta. Ni in yanka, ita ta faɗi suna da aiki, amma da Hausa, kuma Inno take yi wa bayani, don ni har lokacin naman nake kallo. Inno kuwa ba ta da tambaya sai ɗaya, don mi. Duk abin da aka ce mata sai ta ce don mi. In yarinyar ta koma Turanci, Inno ta ce ta gudu ke nan, ta dawo. Wata rana aka koma maganar zuciyar, ina zaure na ji tana gaya wa Inno cewa gefe mai kaurin shi ke tura jini duk jiki har kofato, siririn kuwa huhu kaɗai yake kai wa, ga shi nan kusa, shi ya sa ba ya buƙatar ƙarfi. Na daɗe zaune ina jinjina abin. Shekara talatin ina tsaga zuciya, sai a bakin ɗiyata na ji dalili.

Sai dai wata biyu wata biyu ne, ga azumi ya faɗo a tsakiya. Abin da ke cikin jikin dabba mun taɓa shi da hannu, amma fiziks da kemistiri ba a sayar da su a kwata. Nan lokaci ya ƙure mata, kuma nan makin ya zube. Na zauna na auna, Ja'afar, ba na son aunawar amma ta ƙi barina. Shekara guda cur ta tsaron kunnena ta ƙara mata maki uku. Wata biyu na shiru ya ƙara mata arba'in da biyu. Da tun ranar da ka yi magana na ji, da yanzu wani zance ake. Ƙawayenta suna aji ɗaya, wasu aji biyu a jami'a, ita tana ɗaki tana yi wa bango ihu don ubanta ya ji daɗi a zaure. Wannan ita ce gajiyar da na gaya maka.

Kwana taran nan gidan shiru, amma ba irin wancan shirun ba. Tana girki, tana wanki, tana gaida kowa, ba ta kuka, kuma rashin kukan ya fi tayar mini da hankali. Jiya bayan La'asar na kasa. Na tashi daga buzu na shiga ciki, na ishe ta ɗakin Inno tana matsa mata ƙafa. Na zauna bakin ƙofa. Inno ta dube ni ta ce yau kuma wancan na zaure ɓatan hanya ya yi. Niyyata in kira sunan yarinyar, tun daga zaure nake shirya shi a bakina, da na zo sai harshe ya ƙi. Ke kawai na iya cewa. Na ce mata ba ita ta faɗi jarrabawa biyun farko ba, ni na faɗi, ita ta ukun kaɗai ta zauna, kuma wata biyu aka ba ta. Na ce shekara biyun nan ni na cinye mata su, ba ni da inda zan samo in mayar mata, ta yafe mini. Na ce in ɗinkin take so ba zan hana ba, in kuma ta kwance kwalin, ba za ta ƙara jin gyaran muryata ba har abada. Ba ta ɗago ba, tana ta jan zaren tabarma. Inno ta juya fuska bango ta ce a ba ta ruwa. Na tashi na fita ban san ko na gyara ko na ƙara ɓatawa ba.

Yau da safe zan fita kwata, na ɗaga labulen zaure sai na gan ta tsaye tana jirana. Ba ta aiko uwarta ba. Ta gaishe ni, ta ce wai ƙoda ce ba mu taɓa yi ba, in an samu in taho da ita, amma kada a yanke mata jijiyoyi, a bar ta yadda take. Iyakar abin da ta ce ke nan ta koma ciki. Na kawo guda biyu, na hana kowa taɓa su da wuƙa, har abokan sana'a suna mini tsiya wai Lawali ya fara sayar wa kansa nama. Na leƙa ɗakin Inno da na dawo, kwalin yana nan ƙarƙashin gado da igiyarsa. Ban sani ba ko ƙodar nan alama ce, ko kuwa kawai abin da ya rage mata ne take son ta gani kafin ta rufe. Ban tambaya ba. Yanzu haka ina zaure nake rubuta maka, ban ji komai daga ciki ba, kuma goro yana bakina.

Abin da nake roƙonka, ka nemo mata littattafan tambayoyin fiziks da kemistiri masu bayanin amsa, ka ba Malami ya taho da su. Ko da ba a kwance kwalin ba, a ajiye su bisa kansa. Ka rubuta mata yadda mutum zai raba shekara guda, don mu wata biyu kaɗai muka iya. In ka kira ta, don Allah kada ka tambaye ta ko tana karatu, wannan tambayar ta ji ta har ta ishe ta. Ka tambaye ta don mi ƙoda take biyu, ka bar ta ta yi maka bayani. Ni kuma in mun haɗu, ka ce ai ka faɗa, na ba ka sau ɗaya, kada ka ƙara.

Inno tana gaishe ku, ta ce a gaya wa Ashatu man zafin da ta aiko ya ƙare. Atika tana gaida Ashatu da yara, Gazali da Nabila suna gaida Baffansu. Ka gaida mutanen gidan da kake haya da liman ɗinku da ya karɓe ni da mutunci wancan zuwan. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Bahijja tana gaishe ka. Ga shi na rubuta, na daɗe ina kallon sa a takarda, ashe suna ne mai daɗi. Da anjima za a fito da ƙodar, zan gwada da baki.

Ni ne wanka,
Lawali Na'Allah.